FASHIN BAƘI: Abin da ke hana jiragen fasinja ɗorewa a ƙananan garuruwa

A cikin shekaru ashirin da suka wuce, jihohi da dama a Najeriya sun gina filayen jiragen sama na kansu. Gombe ta gina nata a Lawanti zamanin Gwamna Danjuma Goje, Bauchi zamanin Isa Yuguda, Kebbi zamanin Sa'idu Dakingari. Jigawa ta gina na Dutse zamanin Sule Lamiɗo, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a 2014. A farkon 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe filin jiragen dakon kaya na Damaturu.

Duk an buɗe su da gagarumin biki da alƙawarin cewa 'yan kasuwa da masu zuba jari za su riƙa tururuwa. Amma da yawa daga cikinsu ba sa cika da jama'a sai lokacin jigilar alhazai, ko ranar da wani babba zai sauka. Kamfani kan fara jigila, ya yi watanni, ya rage kwanaki, daga nan a neme shi a rasa. A 2024 shugabar Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Ƙasa, FAAN, Olubunmi Kuku, ta ce uku kacal daga cikin filaye 22 da ke hannun hukumar ke kawo riba.

Wannan matsala ba Najeriya kaɗai ta shafa ba. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu hawa jirgi a cikin gida, ta shafe sama da shekara 45 tana biyan kamfanoni kuɗi don kada su daina sauka a ƙananan garuruwanta. Norway da Birtaniya da Indiya ma kowacce na da nata tsarin. Abin da suka tarar kusan ɗaya ne: jigilar ƙaramin gari ba kasafai take biyan kuɗin kanta ba. Akwai giɓi tsakanin abin da fasinjoji ke biya da abin da kamfani ke kashewa, kuma ɗorewar jigilar ta rataya ne a kan girman giɓin, da wanda zai cike shi, da sharuɗɗan da aka gindaya.

Wace irin jigila ce wannan?

Ana nufin zirga-zirgar ƙananan jirage masu kujeru daga 9 zuwa kimanin 70, waɗanda ke tashi a kan lokaci ƙayyadadde, suna haɗa ƙaramin gari da babban filin jirgi inda fasinja zai iya sauya jirgi ya wuce gaba. Tafiyar ba ta cika wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi ba.

Yawancin jiragen wannan aiki masu farfela ne. Cessna Caravan kan ɗauki mutum 9 zuwa 12. Twin Otter da Beechcraft 1900 na ɗaukar 19. ATR 42 na da kujeru kimanin 48, ATR 72 kuma kimanin 70. Akwai kuma ƙananan jirage masu injin jet irin su Embraer 145 mai kujeru 50. Idan aka kwatanta, Boeing 737 da aka saba gani a filayen Najeriya na ɗaukar mutum 120 zuwa sama da 180, gwargwadon samfurinsa.

Lissafin da ke bayan kowace kujera

Mai shagon da bai sayar da buhun shinkafa yau ba zai iya sayar da shi gobe. Kujerar jirgi ba haka take ba. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya tashi, duk kujerar da ba kowa a kanta ta zama asara har abada. Kuɗin tafiyar kuwa kusan ba ya canjawa. Ko mutum 10 ne a ciki ko 50, matuƙa biyu ne za su zauna a gaba, za a biya kuɗin hayar jirgin da inshora da kuɗin sauka, man da za a ƙona ma bambancinsa kaɗan ne.

Gajeren zango kuma ya fi dogon zango tsada a kan kowace kilomita. Jirgi ya fi shan mai lokacin tashi da hawa sama, to wanda zai sauka bayan minti 40 bai daɗe a sararin da injin ke samun sauƙi ba. Tayoyi da birki da wasu sassan inji ana ƙirga rayuwarsu ne da yawan tashi da sauka, saboda haka jirgin da ke sauka sau shida a rana ya fi saurin komawa wurin gyara. Wannan ne ya sa tikitin tafiyar minti 45 kan yi kusa da farashin tafiyar awa biyu, abin da fasinjoji da yawa ke ɗauka zalunci ne.

Girman jirgi shi ne abu na gaba. A ɗauka gari na iya fitar da fasinja 30 a kowace safiya. A jirgi mai kujeru 140, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai cika ba. A jirgi mai kujeru 48, ya kusa kashi biyu cikin uku. A jirgi mai kujeru 19 kuwa sai an yi sahu biyu. Fasinjojin ba su canja ba, amma sakamakon lissafin ya bambanta ƙwarai. Sai dai ƙaramin jirgi ma na da nasa cikas: albashin matuƙa biyu da ake raba wa kujeru 140 shi ne za a raba wa kujeru 19, don haka kuɗin kowace kujera ya fi yawa. Kamfanin ATR na cewa jiragensa masu farfela na shan man da ya gaza na ƙananan jiragen jet masu girma ɗaya da kashi 40 zuwa 45 cikin 100, shi ya sa ake fifita su a gajeren zango.

Sai batun yawan sahu. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci na son ya tafi da safe ya dawo da yamma. Idan jirgi na zuwa sau biyu ko uku ne a mako, ga ɗage lokaci ko soke tafiya, sai ya koma mota. Da fasinjoji sun ragu kamfani zai rage sahu, da ya rage sahu fasinjoji za su ƙara raguwa. Ta wannan hanya ce yawancin ƙananan zango ke mutuwa a hankali.

Mota ita ce babbar kishiyar ƙaramin jirgi. Idan babban filin jirgi na nesa da awa biyu kacal a mota, kuma can akwai jirage da yawa da tikiti mai rahusa, mutanen ƙaramin gari za su wuce nasu filin su tafi can. Shi kansa filin yana da kuɗin da ba ya raguwa: motocin kashe gobara da ma'aikatansu, masu kula da zirga-zirgar sama, masu hasashen yanayi, jami'an tsaro, shinge, lantarki. Dole a tanade su ko da jirgi ɗaya ne zai sauka a rana.

Amurka: tallafin shekara 10 da ya zama na dindindin

Kafin 1978 wata hukumar gwamnatin Amurka mai suna CAB ce ke ƙayyade inda kowane kamfani zai sauka da kuɗin da zai karɓa. A watan Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara, kowa ya zaɓi hanyarsa da farashinsa. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankunan karkara sun ji tsoron kamfanoni za su kwashe jiragensu su koma manyan birane. Don haka aka cusa a cikin dokar wani shiri mai suna Essential Air Service, EAS a taƙaice, wanda ya ba garuruwan da ke da jigila a lokacin tabbacin ba za a bar su haka nan ba.

An tsara shirin ya yi shekara 10 ne, bisa zaton kafin nan kasuwa ta daidaita. Kasuwar ba ta daidaita ba. Majalisa ta tsawaita shi a 1987, sannan a 1996 ta cire masa wa'adi gaba ɗaya.

Yadda yake aiki a bayyane yake. Ma'aikatar Sufuri kan sanar cewa gari kaza na buƙatar jigila, kamfanoni su gabatar da tayi: irin jirgin da za su kawo, yawan sahu, babban filin da za su haɗa garin da shi, da tallafin da suke nema. Ana jin ra'ayin hukumomin garin kafin a zaɓa. Kwangilar kan yi shekara biyu zuwa huɗu. Abin da aka saba bayarwa shi ne sahu biyu a rana da jirgi mai kujeru 30 zuwa 50, ko sahu fiye da haka da jirgi mai kujeru 9. Ana biyan kamfani ne bayan ya yi jigila, gwargwadon sahun da ya kammala, kuma takardun kowace kwangila a buɗe suke ga duk mai son dubawa. Wani ɓangare na kuɗin na fitowa ne daga harajin da ake karɓa a hannun jiragen da ke ratsa sararin samaniyar da Amurka ke kula da shi ba tare da sun sauka ba.

A 'yan shekarun nan garuruwa sama da 170 ke cin moriyar shirin, kusan kashi ɗaya cikin uku a jihar Alaska, inda ƙauyuka da yawa ba su da titin mota da ya haɗa su da sauran ƙasar. Kuɗin da ake kashewa ya zarce dala miliyan 500 a shekara.

Shirin bai tsira daga suka ba. An sha buga labarin jiragen da ke tashi kusan babu kowa. Garin Ely na jihar Nevada ya yi suna lokacin da aka gano tallafin da ake biya a kan kowane fasinjansa ya haura dala 3,000. Saboda irin wannan ne majalisa ta riƙa sa ma'auni. An hana tallafi ga garin da bai kai mil 70 ba, wato kimanin kilomita 113, daga babban filin jirgi ko matsakaici. An sa iyakar dala 200 a kan kowane fasinja, sai ga garin da ya fi mil 210 nisa. Dokokin 2011 da 2012 sun ƙara iyakar dala 1,000 komai nisan gari, da sharaɗin a samu aƙalla fasinja 10 masu tashi a rana. Alaska da Hawaii ba sa cikin waɗannan sharuɗɗa, kuma majalisa ta sake gyara adadin a 2024. A 2017 gwamnatin Donald Trump ta nemi a soke shirin, majalisa ta ƙi, domin 'yan jam'iyyu biyun duk suna da garuruwa a ciki.

Tarihin Amurka ya kuma nuna kuɗi kaɗai ba ya riƙe jigila. A watan Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka mutu. Bayan haɗarin aka ɗaga ƙwarewar da ake buƙata daga mataimakin matuƙi daga awa 250 zuwa awa 1,500, dokar ta fara aiki a 2013. Ƙananan kamfanoni, waɗanda a wurinsu sababbin matuƙa ke fara aiki da ƙaramin albashi, suka shiga ƙarancin matuƙa. Kamfanin Great Lakes, wanda ya taɓa zama jigo a shirin EAS, ya rufe a watan Maris na 2018. A watan Maris na 2022 kamfanin SkyWest ya sanar zai janye daga garuruwa 29 saboda rashin matuƙa, sai da ma'aikatar ta umarce shi ya ci gaba har a samu madadinsa. Jirage masu kujeru 19 ma sun yi wuya, domin tun 2002 aka daina ƙera Beechcraft 1900.

Norway da Scotland: ƙaramin fili, ƙaramin jirgi

Norway ƙasa ce doguwa mai tsaunuka da tsibirai da mashigan teku, inda tafiyar da jirgi zai yi a minti 30 kan ci wa mota yini guda. Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta gina jerin ƙananan filaye masu titin sauka na kimanin mita 800, daidai da jirgin Twin Otter da kamfanin Widerøe ke amfani da shi, kafin ya koma Dash 8. An fara tantance jirgin da zai yi aikin, sannan aka gina filin da ya dace da shi, daidai ruwa daidai tsaki.

Tun 1997 gwamnatin Norway ke fitar da waɗannan hanyoyi a matsayin kwangila ta takara, tana ƙayyade yawan sahu da kujeru da iyakar farashin tikiti. A watan Afrilun 2024 ta rage wannan iyaka da rabi, ta ƙara tallafi don cike bambancin. Kamfanin gwamnati Avinor ne ke riƙe da filaye sama da 40, ribar 'yan kaɗan, musamman na Oslo, ke ɗaukar nauyin sauran. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta amince da irin wannan tsari ga yankunan da ke can gefe, bisa sharaɗin a yi takara a fili.

A Scotland, jirgin da ke zuwa tsibirin Barra kan yashin bakin teku yake sauka, kuma jadawalinsa na bin lokacin da ruwa ke janyewa. Gwamnatin Scotland ce ta sayi jiragen Twin Otter da ke aikin, kamfanin Loganair ke tuƙa su bisa kwangila. Ta haka aka ɗauke wa kamfani nauyin sayen jirgi, gwamnati kuma ba ta shiga harkar gudanar da kamfani ba.

Indiya: an raba hanyoyi 774, kaɗan suka rayu

Indiya ta fi kama da Najeriya ta fuskar yawan jama'a da ƙarancin abin hannu. A watan Oktoban 2016 ta ƙaddamar da shirin UDAN don farfaɗo da filayen da ba a amfani da su, jirgin farko ya tashi daga Shimla zuwa Delhi a watan Afrilun 2017. An ƙayyade farashin rabin kujerun jirgi a kan rupi 2,500 ga tafiyar awa ɗaya. A tsarin farko na shirin, gwamnati na cike giɓi na shekara uku, kamfanin da ya ci takara shi kaɗai zai bi hanyar a wannan wa'adi, ana kuma tara kuɗin daga harajin da aka ɗora wa jiragen manyan hanyoyi, jihohi su ba da nasu kaso.

Shirin ya buɗe filaye da dama, amma rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasar a 2023 ya fito da ɗaya gefen. Cikin hanyoyi 774 da aka raba a zagaye uku na farko, 403 ba a ma fara jigila a kansu ba. Cikin 371 da aka fara, 112 ne suka cika shekara uku. Waɗanda suka ci gaba bayan ƙarewar tallafi zuwa watan Maris na 2023 ba su wuce 54 ba, wato kashi 7 cikin 100 na abin da aka raba. Wasu ƙananan kamfanoni sun karɓi hanyoyi da yawa ba tare da isassun jirage ba, wasu filayen kuma ba a gama gyara su ba. Darasin Indiya shi ne tallafin shekara uku ba ya haifar da fasinja inda babu shi.

Inda Najeriya ta tsaya

A zamanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, jiragen Fokker F27 masu farfela da F28 sun riƙa haɗa garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yola da Jos da Kaduna da Kano. Baitulmali ne ke ɗaukar asarar. Bashi da rashin iya gudanarwa suka durƙusar da kamfanin, aka rufe shi a 2003. Kamfanoni masu zaman kansu da suka gaje shi sun tattara ƙarfinsu a hanyoyin Legas da Abuja da Fatakwal da Kano, yawanci da Boeing 737. Najeriya ba ta kafa wani shiri na ƙasa mai kama da na Amurka ko na Indiya ba.

Ban da matsalolin da kowace ƙasa ke fama da su, kamfanin Najeriya na da ƙari. Da naira yake sayar da tikiti, amma da dala yake biyan hayar jirgi da kayan gyara da inshora da horon matuƙa, kuma yawancin manyan gyare-gyare sai an kai jirgi waje. Faɗuwar darajar naira bayan sakin farashinta a watan Yunin 2023 ta ninka waɗannan kuɗaɗe. Kafin nan, a watan Mayun 2022, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta AON ta yi barazanar dakatar da aiki, tana cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Akwai kuma harajin kashi 5 cikin 100 na kowane tikiti da hukumar NCAA ke karɓa ta raba da sauran hukumomin sufurin sama, ban da kuɗin da filin jirgi ke caza.

Filaye da yawa ba sa aiki sai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, saboda rashin fitilun titin sauka ko na'urorin da ke taimaka wa matuƙi. Jirgin da ya makara a Legas da rana ba zai iya kaiwa ƙaramin fili kafin magariba ba, sai a soke tafiyar. Da hunturu kuma hazo kan hana sauka na kwanaki a arewa. Jirgin da ke ajiye a ƙasa kuwa kuɗin hayarsa na ci gaba da tafiya.

Taswira ma na da abin cewa. Tsakanin Dutse da Kano kimanin kilomita 100 ne. Birnin Kebbi da Sakkwato kimanin 150, haka Bauchi da Gombe. Filaye biyu da ke kusa da juna fasinjoji ɗaya suke rabawa. Da za a ɗauko ma'aunin mil 70 na Amurka, da wuya Dutse ta cancanci tallafi. Jalingo da Maiduguri da Yola kuwa, waɗanda tafiyarsu zuwa Abuja a mota kan cinye yini, hujjarsu ta fi ƙarfi.

Tsaro ya shiga lissafin ta ɓangare biyu. Garkuwa da mutane a manyan hanyoyi ta sa waɗanda ke da hali sun koma jirgi ko da tafiyar gajera ce. Amma a ƙarshen watan Maris na 2022, bayan harin 'yan bindiga a filin jirgin Kaduna, kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kamfanoni sun dakatar da sauka a filin na tsawon lokaci. A arewa maso gabas kuma, kamar a Nijar, jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar abinci ta WFP ke gudanarwa ne ke kai ma'aikatan jinƙai wuraren da kamfanoni ba sa zuwa, ƙasashe masu ba da gudunmawa ke biyan mafi yawan kuɗin.

Duk da haka akwai kamfanonin da suka gwada ƙananan jirage. Overland Airways, wanda ya fara aiki a 2002, ya daɗe yana jigila da ATR da Beechcraft 1900 zuwa garuruwa irin su Ilori da Ibadan da Akure da Jalingo da Dutse. Green Africa ya fara da ATR 72 a 2021. United Nigeria a 2021 da Rano Air a 2023 sun fara da Embraer 145. A watan Satumban 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin shari'a kan yarjejeniyar Cape Town, da nufin masu ba da hayar jirage su ƙara amincewa da kamfanonin Najeriya, abin da zai iya sauƙaƙa samun jirgin da ya dace da kowace hanya.

Hanyoyi uku da jihohi suka bi

Ta farko ita ce miƙa filin ga gwamnatin tarayya, kamar yadda Kebbi da Jigawa suka yi. Wannan na sauke nauyin albashi da gyara daga wuyan jiha ya ɗora wa FAAN, amma ba ya ƙara fasinja ko ɗaya.

Ta biyu ita ce ƙulla yarjejeniya da kamfani, jiha ta ɗauki alƙawarin biyan wasu kujeru ko cike asara. A zahiri wannan tallafi ne irin na Amurka da Norway. Bambancin shi ne ba kasafai ake yin takara a fili ba, ba kasafai ake bayyana adadin kuɗin da yawan fasinjojin ba, kuma yarjejeniyar kan mutu idan biya ya makara ko gwamnati ta sauya.

Ta uku ita ce kafa kamfanin jiha. Ibom Air na Akwa Ibom ya fara jigila a watan Yunin 2019, ya kuma tsaya da ƙafafunsa. Amma jihar na da kuɗin man fetur, kuma kamfanin bai dogara da Uyo kaɗai ba, yana cikin masu jigila tsakanin Legas da Abuja, hanyar da ta fi kowacce fasinja. Imo Air da Gwamna Rochas Okorocha ya ƙaddamar a 2017 da jirgin kamfanin Dana bai yi tsawon rai ba.

Ma'aunin da za a iya amfani da shi

Daga abin da ya faru a waɗannan ƙasashe, jigilar ƙaramin gari ta fi ɗorewa idan garin na da nisa sosai daga babban fili, ko hanyar motarsa na da wuya ko haɗari. Idan akwai fasinjoji na kullum, kamar ma'aikatan kamfanoni da jami'o'i da asibitoci da 'yan kasuwa, ba na lokacin Hajji da siyasa kaɗai ba. Idan girman jirgi ya yi daidai da yawansu. Idan jadawali tabbatacce ne kuma ya dace da lokacin tashin manyan jirage a Abuja ko Legas. Idan kuma filin na iya aiki da dare da cikin hazo.

Ko an cika waɗannan, giɓi na iya saura. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka tallafi a karan kansa ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne wanda ke amfana. A Alaska da arewacin Norway malamin makaranta da mai kamun kifi da majinyaci ne ke cikin jirgin, domin ba su da wata hanya. A jihar da mafi yawan jama'a ba za su iya sayen tikiti ba, duk nairar da aka zuba a kujerar jirgi an ɗauke ta ne daga titi ko asibiti ko makarantar da kowa ke amfani da su, aka rage wa masu hali kuɗin tafiya. Akwai hujjojin da za a iya kawowa, kamar jawo jari, da kai majinyaci asibiti cikin gaggawa, da haɗa jiha mai nisa da babban birnin ƙasa, amma sai an sa su a sikeli da alƙaluma.

Alƙaluman kuwa ba masu wuyar samu ba ne. Nawa aka kashe wajen gina filin, nawa ake kashewa a shekara wajen riƙe shi? Fasinja nawa suka tashi daga cikinsa bara, idan aka cire alhazai da jiragen haya na manya? Nawa jiha ta biya kamfani, kuma nawa ke nan a kan kowane fasinja? Kamfani nawa suka nemi kwangilar? Mene ne hukuncin kamfanin da ya soke tafiya? A wane adadi ne gwamnati za ta ce asarar ta isa? Majalisun dokokin jihohi na da ikon neman waɗannan amsoshi lokacin kare kasafin kuɗi, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman alƙaluman fasinjoji daga FAAN da NCAA a rubuce.